Tasirin Sauyin Mallaka da Ƙaurar Masana'antu ga Ingancin Kayan Sauti

Tsakure

Galibin kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera lasifika da makirufo da amfilifaya a ƙarni na 20 sun bar hannun waɗanda suka kafa su, da yawansu kuma sun kwashe aikin ƙira daga Turai da Amurka zuwa Asiya. Masu saye sun daɗe suna ɗora laifin lalacewar kaya a kan ƙasar da aka rubuta a bayan akwati. Wannan takarda ta bi tarihin Fender da KEF da AKG da Tannoy da Akai, ta nuna cewa inganci yana bin mutanen da suka san aikin da kuma ma'aunin da ake gwada kowace na'ura da shi kafin ta bar masana'anta. Ta rufe da kira ga hukumomi da cibiyoyin da ke sayen waɗannan kaya da kuɗin jama'a.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya zauna da masu gyaran rediyo da amfilifaya, ko da masu haɗa sauti a sutudiyo, ya san maganar da ba ta barin bakinsu: na da ya fi ƙarko. Mai gyara zai jawo tsohuwar Sansui ta shekarun 1970 da har yau take aiki, ya ajiye ta kusa da wata sabuwa mai suna iri ɗaya wadda ta ƙone kafin shekara ta zagayo, ya ce ai tunda aka koma Chaina komai ya lalace. Irin wannan ƙorafi ake ji a Ingila da Jamus da Amurka. Akwai gaskiya a cikinsa, domin wanda yake buɗe na'ura kullum ya fi kowa sanin abin da ke ciki. Sai dai ƙorafin ya cakuɗa abubuwa biyu, wato sayar da kamfani da kuma ɗauke masana'anta zuwa wata ƙasa, alhali kowannensu yana iya faruwa ba tare da ɗayan ba. Aikin wannan takarda shi ne ta raba su, ta duba wanne ne yake yin ɓarnar, kuma ta wace hanya.

2.0 Yadda Sunaye ke Sauya Hannu

Marantz ya isa misali. Saul Marantz ya kafa kamfanin a New York a farkon shekarun 1950, ya sayar wa Superscope a 1964, aka fara ƙera kayansa a Japan. Philips ya karɓi mafi yawansa a 1980, aka haɗe shi da Denon a 2002, ya faɗa hannun Sound United a 2017. A 2022 kamfanin Masimo, wanda sana'arsa kayan asibiti ce, ya sayi Sound United a kan kimanin dala biliyan ɗaya, sannan a 2025 ya sayar wa Harman a kan dala miliyan 350. Shi kansa Harman mallakar Samsung ne tun 2017, a cinikin dala biliyan 8. Mai sayen Marantz a yau yana ganin rubutun da kakansa ya gani, amma waɗanda ke yanke hukunci a kan abin da za a zuba a cikin akwatin sun sauya sau da yawa.

A gefe guda ga McIntosh, wanda aka kafa a 1949. Clarion na Japan ya saye shi a 1990, daga baya ya bi ta hannun wasu masu mallaka har ya isa ga Bose a 2024, amma har yau ana ƙera amfilifayarsa a garin Binghamton na jihar New York. Ga kuma Shure, wanda bai taɓa shiga hannun wani babban kamfani ba, amma makirufonsa SM58 na 1966 ya daɗe da barin Amurka, tun da kamfanin ya buɗe masana'antu a Meziko a shekarun 1980, ya ƙara da wata a Suzhou ta Chaina. Waɗannan biyun sun nuna cewa mallaka daban, wurin ƙira daban.

3.0 Inda Inganci Yake Zaune

Kafin a yi hukunci sai a leƙa cikin lasifika. A tsakiyarta akwai koyil, siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe a jikin 'yar bututu, tana kai da kawowa a cikin wata kunkuntar kafa da ke tsakiyar maganaɗisu. Tazarar da ke tsakanin koyil ɗin da bangon kafar ba ta kai rabin milimita ba a yawancin lasifikoki. In aka ɗan karkace wajen dasa shi, zai riƙa gogar bango, sauti ya fito da ƙaiƙayi. In gam ɗin da aka manne wayar da shi ba mai jure zafi ba ne, ranar da aka ƙure murya na sa'o'i sai ya saki, wayar ta warware, lasifika ta mutu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ido ke gani a kanti. Lasifika biyu za su fito daga zane ɗaya, siffa ɗaya, nauyi kusan ɗaya, ɗaya ta yi shekara ashirin, ɗaya ta yi wata shida.

Makirufon sutudiyo ya fi wannan laushi. Tantanin da ke karɓar murya kaurinsa 'yan maikiron ne, ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, an shafe shi da ruwan zinare, an ɗame shi a gaban wani faifan ƙarfe mai ƙananan huda. Yadda aka ɗame tantanin shi ke sa murya ta fito da kauri ko da kaifi. Takardar zane za ta faɗi adadin da ake so, amma ma'aikaciyar da ta shekara goma sha tana wannan aiki ta san lokacin da tantanin ya zauna daidai tun kafin na'urar awo ta faɗa. Wannan sani ba ya shiga akwatin takardu ranar da aka sayar da kamfani.

A amfilifaya kuma, wuraren da ake rage kuɗi sanannu ne ga kowane mai gyara: a rage girman taransifoma, a rage ƙarfen da ke shanye zafi, a sa kafasito mai jure digiri 85 a inda ya kamata a sa mai jure 105. Ranar farko ba za a ji bambanci ba. Sai an yi damina biyu ko uku.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi game da kowace masana'anta ita ce: wa ya rubuta ƙa'idar, wa ke auna abin da ya fito, kuma wa ke da ikon cewa wannan kaso bai yi ba a mayar da shi, ko da jirgin ruwa na jira?

4.0 Fender: An Sayar, Ba a Ƙaura ba

A Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga kamfanin watsa shirye-shirye na CBS a kan dala miliyan 13. Masana'antar ta ci gaba da zama a Fullerton ta jihar Kalifoniya, ma'aikata Amurkawa, kayan aiki na Amurka. Duk da haka, sababbin masu gida sun matsa a ƙara yawan abin da ake fitarwa. Amfilifayar taransista da suka fito da ita a 1966 ba ta karɓu ba saboda yawan lalacewa. Daga 1968 aka yi wa amfilifayoyin kwalba sauye-sauyen da makaɗa suka ce sun dusashe muryarsu, har ya zama sana'a ga masu gyara su mayar da su tsarin da. Zuwa yau kayan Fender da aka ƙera kafin CBS sun fi na bayansa tsada a kasuwar na-hannu. A 1985 CBS ya sayar da kamfanin ga wasu ma'aikatansa ƙarƙashin jagorancin Bill Schultz, su ne suka farfaɗo da sunan. A duk wannan labari babu inda Chaina ta shigo.

5.0 KEF da Wharfedale: An Sayar, An Ƙaura, Kaya Ba Su Faɗi ba

Raymond Cooke, tsohon injiniyan BBC, ya kafa KEF a Maidstone ta Ingila a 1961. Kamfanin ya durƙushe a 1992, Gold Peak na Hong Kong ya saye shi. Abin da sabon mai gida ya yi shi ne ya bar sashen bincike da zane a Maidstone, ya ci gaba da haɗa lasifikoki mafiya tsada a can, ya mayar da sauran aikin masana'antarsa ta kansa a Chaina. Lasifikar LS50 da ta fito a 2012 a Chaina aka ƙera ta, kuma tana cikin ƙananan lasifikokin da mujallun wannan fanni suka fi yabawa a zamaninta, a awo da kuma a kunne. KEF ya fi shekara talatin a hannun Gold Peak, wato ya daɗe a can kamar yadda ya daɗe a hannun wanda ya kafa shi.

Haka Wharfedale, wanda Gilbert Briggs ya kafa a Yorkshire a 1932, da Quad na Peter Walker. Dukansu sun koma hannun International Audio Group a 1997, kamfanin da ya gina masana'antarsa a Chaina inda yake ƙera kusan komai da kansa, daga akwatin katako har koyil, ya kuma riƙe injiniyan zane ɗan Ingila, Peter Comeau. Wharfedale Linton ta 2019 daga Chaina ta fito, ta samu karɓuwa sosai har a Ingilar.

Abin lura a nan shi ne masana'antar ta kamfanin ce. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya gina gidan ƙirarsa a wata ƙasa, ya horar da ma'aikata, ya kafa ɗakin awo, da wanda yake ba da kwangila ga duk wanda ya fi araha a wannan shekara. Na farkon yana tara sani a sabon wuri. Na biyun kowace kwangila daga farko yake farawa, kuma ɗan kwangila yana da dalilin musanya gam ko waya da mai sauƙin kuɗi muddin ba mai dubawa.

BBC ta gwada riƙe ma'auni a hannunta tun kafin a fara zancen Chaina. Ƙaramar lasifikarta LS3/5A ta tsakiyar shekarun 1970 ba ita take ƙerawa don kasuwa ba. Lasisi ta ba kamfanoni irin su Rogers da Spendor da Harbeth, bisa sharaɗin abin da suka fitar ya dace da ma'aunin da ta gindaya, ta yadda ma'aikacinta zai iya amfani da ta wannan kamfani ko ta wancan ya ji abu ɗaya. Masana'antu daban, masu mallaka daban, amma mai ma'auni ɗaya ne.

6.0 AKG da Tannoy: Lokacin da Ma'aikata Suka Watse

Nan ne maganar ta fi zafi, nan ne kuma ya kamata mu daɗe. Rudolf Görike da Ernst Pless sun kafa AKG a Viyana ta ƙasar Ostiriya a 1947. Makirufonsa C12 na 1953 da C414 na 1971 suna cikin waɗanda aka fi ɗaukar muryoyi da su a manyan sutudiyo na duniya. Harman ya mallaki kamfanin a shekarun 1990, aka riƙa ɗauke aikin kaɗan-kaɗan zuwa Chaina da gabashin Turai, har a 2016 aka ba da sanarwar rufe cibiyar Viyana baki ɗaya. Mutane da yawa suna ɗora wannan a kan Samsung, amma sanarwar rufewar ta riga sanarwar cinikin Samsung, wadda ta zo a Nuwamban shekarar. Abin da ya biyo baya shi ne a 2017 sunan AKG ya bayyana a jikin 'yan kunnen da ke zuwa cikin kwalin wayar Galaxy S8.

A wannan shekarar ce wasu daga cikin injiniyoyi da ma'aikatan da aka sallama suka kafa Austrian Audio a Viyana, suka ci gaba da haɗa zuciyar makirufo, wato tantani da faifansa, da hannu a can, suka fitar da OC818 a 2019. Haka ta faru da Tannoy, kamfanin da Guy Fountain ya kafa a Landan a 1926, wanda ya koma Coatbridge ta Sikotilan a shekarun 1970. A 2015 kamfanin Uli Behringer ya sayi rukunin da Tannoy ke ciki, a 2016 aka ba da sanarwar shirin mayar da ƙira Zhongshan ta Chaina. A 2017 manyan ma'aikatansa, ciki har da injiniya Paul Mills, suka kafa Fyne Audio a Sikotilan.

A waɗannan wurare biyu suna ya bi wata hanya, sani ya bi wata. Wanda ya sayi kamfani ya sami tambari da zane da haƙƙin mallaka, amma mutanen da suka san dalilin kowane layi a zanen sun tafi da abinsu. Ban ce duk abin da AKG ya fitar bayan 2017 ba shi da kyau ba. Abin sauraro na kunne K371 na 2019 ya yi kyau a awo, domin Harman yana da ɗakin bincike mai ƙarfi a Kalifoniya. Kuma shi kansa Fyne Audio a Chaina yake ƙera lasifikokinsa masu sauƙin kuɗi, ya bar masu tsada a gida. Wannan ya ƙara tabbatar da maganar: waɗanda suka fi kowa jin ciwon rufe masana'antarsu ba su ƙi Chaina ba, sun dai riƙe ma'aunin a hannunsu. Asarar da ba ta da magani ita ce ta ci gaban zuri'ar aiki, inda tsohon ma'aikaci ke koya wa sabo. In aka yanke wannan igiya sau ɗaya, kuɗi ba ya ƙulla ta cikin shekara biyu.

7.0 Suna Tsagwaronsa

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar kasuwanninmu. Akai da Sansui sunaye ne da duk wanda ya girma a zamanin kaset ya sani. Dukansu sun faɗa hannun rukunin Semi-Tech na James Ting a shekarun 1990, rukunin ya ruguje a ƙarshen shekarun, abin da ya zama ɗaya daga cikin manyan karyewar kamfanoni a tarihin Hong Kong. Sunayen suka koma hannun Grande Holdings, wanda ya riga ya sayi Nakamichi, mai shahararriyar na'urar kaset Dragon ta 1982. Daga nan aka riƙa ba da hayar sunayen ga 'yan kasuwa a ƙasashe daban-daban, su liƙa a jikin talabijin da rediyo da duk abin da suka yi oda. Babu injiniyan Sansui na da a bayan irin wannan kaya, babu ɗakin awonsa. Mai gyaran da ya ce sabuwar ba ta kama ƙafar tsohuwar ba gaskiya ya faɗa, domin ba abin da ya haɗa su sai haruffa shida.

8.0 Abubuwan da ke Rikita Hukunci

Adalci ya sa a ambaci wasu sauye-sauye da ake ɗora wa sababbin masu gida alhali tushensu daban. A 1978 yaƙi a lardin Shaba na ƙasar Zayar, musamman a garin Kolwezi, ya sa farashin kobal ya ninka sau da yawa. Kobal na cikin haɗin maganaɗisun alniko da manyan lasifikoki ke amfani da shi, don haka JBL da Tannoy da wasunsu suka koma maganaɗisun farait. Wannan ya zo daidai lokacin da JBL ke hannun Beatrice Foods, kamfanin kayan abinci da ya riƙe shi daga 1977 zuwa 1980, sai laifin ya tafi can. Haka zuciyar makirufon C414, wadda aka sauya zobenta daga tagulla zuwa roba a ƙarshen shekarun 1970: a Viyana aka yi wannan, shekaru da yawa kafin Harman. Gobarar da ta cinye masana'antar AKM mai ƙera aisi a Nobeoka ta Japan a Oktoban 2020 ta tilasta wa kamfanoni da dama sauya aisin da ke mayar da lambobi sauti, ba tare da an sayar da kowa ba.

Sai kuma kunnen mai sauraro. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive sun gabatar da binciken da ya nuna cewa makin da mutane ke ba lasifika yana sauyawa idan suna ganin sunanta da girmanta, ya bambanta da wanda suke bayarwa idan labule ya rufe ta, kuma ƙwararru ma ba su tsira ba. Ga kuma wani abu: tsofaffin na'urorin da muke gani a yau su ne waɗanda suka rayu. Marasa ƙarkon zamaninsu sun daɗe a bola. Duk mai bincike a wannan fanni ya kamata ya jingina da awo da sauraron bayan labule kafin ya yanke hukunci.

9.0 Abin da Ya Rage Gare Mu

Kayan sauti a ƙasar Hausa suna aiki a yanayin da ba don shi aka zana yawancinsu ba: zafin bazara, ƙurar hunturu, wutar da ke hawa da sauka, da janareta. Amfilifayar masallaci da lasifikar saman hasumiya suna aiki sau biyar a yini, shekara da shekaru. A irin wannan yanayi duk wata rowar da aka yi a taransifoma ko a gam takan fito da wuri. Shi ya sa kayan Ahuja na Indiya da na TOA, kamfanin Japan da ke da masana'anta a Indunusiya, suka zauna da gindinsu a wurinmu: tsarinsu mai sauƙi ne, kuma mai gyara na iya buɗewa ya sauya abin da ya mutu. Ga jabu kuma a gefe, musamman na SM58, wanda ake kwaikwayon har kwalinsa.

Kirana ga gidajen rediyo da jami'o'i da kwamitocin masallatai da masu sutudiyon fim shi ne su daina rubuta sunan kamfani kaɗai a takardar sayen kaya. A nemi ƙarfin amfilifaya na ainihi, wanda take iya riƙewa ba tsayawa, irin wanda dokar Amurka ta 1974 ta wajabta a bayyana, a yi watsi da dubban wat da ake bugawa a jikin kwali. A tambayi dillali wane ne ya mallaki sunan a yau, ko masana'antar tasu ce ko haya suka ba da suna, ko akwai zanen gyara da kayan sauyi a ƙasar nan, da kuma tsawon garanti a rubuce. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta faɗaɗa bincikenta ya kai ga gaskiyar alƙaluman da ake bugawa a kwali. Sassan injiniyan lantarki na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su kafa ɗakunan awon sauti, su riƙa gwada abin da ke kasuwar Sabon Gari da Alaba suna wallafa sakamakon da Hausa, su kuma jawo masu gyara cikin aikin, domin su ne ke da labarin abin da ke mutuwa da abin da ke rayuwa. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, kada a ba shi kuɗin jama'a.